Yatsa na Takwas a Jikin Rumbun Goggo

Ni ba gardi ba ne, kuma babu mai wasa da maciji a danginmu. Ɗan shago gare ni a Kontagora, ina sayar da maganin tsutsar ciki na awaki da abincin kaji da gishirin lasa, iyakar abin da na sani ke nan. Amma ina da wani hali da ya sha jefa ni a wahala: ba na iya buɗe baki in ce ban sani ba. Ko tayar jirgin sama ka zo nema, sai in ce maka ka dawo jibi. Wannan halin ne ya sa na shiga sayen macizai na ɗan lokaci, shi ne kuma ya kai ni ga abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani mutumin kudu ne ya shigo shagon bayan kaka, yana neman maganin kaska. Muna cikin hira sai ya ce ai ba na kare ba ne, na maciji ne. Kiwon mesa yake yi a garinsu. Ba babbar nan mai haɗiye akuya ba, ƙaramar da ba ta wuce kamu uku, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, ɓera ne abincinta. Ya ce 'ya'yanta yake sayar wa masu ajiye su a gida don sha'awa. Na yi dariya har da buga tebur, na ce lallai mutanen birni sun ƙoshi. Shi bai yi dariya ba, sai ya faɗi abin da zai biya a kan kowace ɗaya, ni ma na daina.

Ba kowace iri yake so ba. Manyan mata yake nema, waɗanda suka riga suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe, an kuma san sun yi. Ya ce ƙarama sai ka ciyar da ita shekara uku ko huɗu kafin ka gane ko za ta yi maka wani abu, uwa kuwa daga ka kai ta gida ka fara jiran ƙwai. Matsalarsa ɗaya ce: duk maharbin da ya tambaya sai ya rantse masa cewa tasa uwa ce, alhali jiya ya tono ta daga rami, bai taɓa ganin ta ba sai ranar. Ya tambaye ni ko na san inda ake samun wadda aka san tarihinta. Na ce masa ya dawo jibi.

Na fara da maharba kamar kowa. Ranar kasuwar Bangi na sami wani da buhu biyu a ɗaure, na leƙa na ga abin da ke ciki yana da kauri, sai na gyara tsayuwa irin ta wanda ya san kan abu, na ce, “Malam, sun taɓa haihuwa?”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sau nawa kake so su haihu?”

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Na saya, na sa a mota, na aika. Bayan kwana uku mutumin ya kira ni yana dariya har yana shaƙewa. Ɗaya namiji ne, ɗayar kuma yarinya ce da ta haɗiyi ƙaton ɓera, shi ne kaurin da na gani. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Dariyar nan ce ta ci ni. Na ajiye waya ina huci, na ce wa kaina sai na nuna wa mutumin nan cewa ni ɗan ƙasa ne, na san abin da bai sani ba. A cikin wannan hucin na tuna da Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce, tana wani ƙauye a bayan Beri. Mahaifina ya baro ƙauyen tun yana saurayi, ya musulunta a gari, ita kuma ta zauna a gidan mijinta tana noma tana zuwa coci ranar Lahadi. Wannan bai taɓa raba su ba. Duk hutun makaranta a wajenta nake yi, kuma ita ce take tashe ni da asuba ta ce in je in yi sallata kada in ja mata faɗa da ƙanenta. Mijinta ya rasu 'yan shekarun baya, ya bar ta da ɗansu guda, taubashina, da gona, da rumbu, da kuma mesar da ke ƙarƙashin rumbun.

Mijin ne ya kawo ta. Yana sassabe a gefen wani suri fartanya ta same ta a wutsiya, ta dunƙule a gabansa jini na zuba. Ya ce shi ya yi mata laifi, don haka ya ɗauko ta a hularsa ya ajiye ta tsakanin duwatsun da rumbu ke zaune a kai, ya kawo kasko ya zuba mata ruwa. Ta warke, wutsiyar ta gutsure, ba ta kuma tafi ba. Daga shekarar ɓera ya daina yi musu ɓarna. Kowace bazara sai ta shige can cikin ramin da ke ƙarƙashin babban dutse ta naɗe a kan ƙwanta wata biyu, ba ci ba fita, da ruwan farko kuma sai a ga ƙanana suna fitowa suna bin gindin katanga zuwa daji.

To, mijin Goggo yana da wata al'ada da ya ƙirƙiro wa kansa. Duk shekarar da mesar ta ƙyanƙyashe, in kaka ta zo ana yaɓen rumbu kafin a zuba sabuwar dawa, sai ya ɗauki ɗan curin laka ya liƙa a ƙarƙashin jinka inda ruwa ba ya taɓawa, ya danna babban yatsansa a kai. Doka ɗaya ya kafa: wanda ya ga 'ya'yan da idonsa shi ke sa yatsa. Akwai shekarar da Goggo ta kwanta asibiti a gari, kowa ya tare a wajenta, aka dawo aka tarar da ɓawon ƙwai a bakin rami. Ba a sa yatsa ba a wannan shekarar, don babu wanda ya gani. Lokacin da abin nan ya faru yatsu bakwai ne a jere, uku manya na marigayin, huɗu ƙanana nata.

Duk wannan na san shi tun da daɗewa, na sha zama a inuwar rumbun ina cin gyaɗa ina kallon yatsun nan. Amma ranar da na je da babur, da wani ido na dube su. Na fito da waya na ɗauki hotonsu, na ɗauki na kaskon, na durƙusa na ɗauki na mesar tana kwance a inuwa, na aika wa mutumin kudu da bayani. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana wannan harka bai taɓa ganin shaida irin wannan ba, in kawo ta ko nawa ne. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Mai yi mini dariya jiya yau yana ce mini ranka ya daɗe.

Na sami Goggo tana tsince wake a tabarma. Na gaishe ta, na yi ta zagaye-zagaye, na yaba dawar bana, na tambayi ciwon gwiwarta, sannan na fito da maganar.

Ba ta ko ɗago ba. “In sayar da mi? Ni na saye ta?”

“Goggo, kuɗi ne mai kauri. Kin ga rufin ɗakinki yana yoyo.”

“Yoyo na ɗakina ne. Ita kuma nan babanku ya ajiye ta. In ta gaji da mu ta san hanya, ba a ɗaure take ba.”

Maganar ta ƙare ke nan a wajenta. Taubashina yana gefe yana gyaran ƙotar gatari, ya bi ni waje yana tsokanata kamar yadda muka saba. “Bawana, an kore ka? Ai da ka fara zuwa wajen ubangidanka.” Ya ce shi dai a wajensa maciji maciji ne, kuma taki ya yi tsada. Muka tsaya a gindin ɗorawa muka yi ciniki, na biya shi a nan take. Na sayi abin da ba nasa ba, daga hannun wanda na san ba nasa ba ne. Saura yadda za a fitar da ita daga gidan ba tare da tsohuwa ta tara mana jama'a ba.

Ba zan ɗora wa taubashina wannan ba, ƙaryar tawa ce, ni na tsara ta. Na koma na zauna a gefen tabarma na ce, “Goggo, na fasa maganar saye. Mutumin nan 'ya'yan kawai yake so. Aro za ki ba shi. Ta je ta yi ƙwanta a can, ya ɗauki ƙanana, a dawo miki da uwar. Ai ko a nan ma daji suke shigewa, ba kya ƙara ganin su.”

Ta daɗe tana juya wake a faifai. Sannan ta ce, “Kai za ka kai ta, kai za ka dawo da ita?”

“Ni da kaina, Goggo.”

“Kafin sabuwar dawa ta shiga rumbu?”

“Kafin nan ma.”

“To, tunda kai ne.”

Kalmomin nan huɗu su ne suka fi damuna a duk labarin. Ba mutumin kudu ta ba wa aro ba, ba ta san shi ba, ba ta ko tambayi garinsu ba. Ni ta ba wa.

Da safe ita ta fito da ita da hannunta, don ta ce ba ta saba da hannun kowa ba. Na kawo buhun taki, ta harare ni ta ce in mayar da abina, warin zai dame ta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar jakar saƙi ta marigayin, ta sa ta a ciki. Ta sake durƙusawa da gwiwar nan mai ciwo ta ɗebo ƙasa cikin tafin hannu daga bakin ramin ta zuba a jakar, wai don ta riƙa jin ƙanshin gida. Ta ce kada a ajiye ta a rana, kada a sa ta kusa da rediyo, ba ta son hayaniya, kuma a sauya mata ruwa kullum ko ba ta sha ba. Ina ta cewa to, to, hankalina yana kan motar da za ta tashi da azahar. Ban kai ta da kaina ba, direba na ba wa a tasha, aka cusa ta ƙarƙashin kujera kusa da buhun albasa.

Watannin farko ban ji komai ba, gaskiya. Na ƙara kaya a shago, na yi wa babur gyara. In tunanin kaka ya zo mini sai in ce ai da sauran lokaci, zan san abin da zan faɗa, wataƙila ma in lallashi mutumin ya sayar mini da ita bayan ta yi masa ƙwai. Haka nake rarrashin kaina, kuma na iya rarrashin kaina fiye da yadda na iya komai.

Ana cikin zafin bazara ya kira. Ya ce tun da ta iso ba ta ci ba. Ya sa ta a akwatin roba mai tsabta, ya zubar da ƙasar da ta zo da ita don kada ta kawo cuta, ya ba ta ɓera fari, ya ba ta ɗan tsako, ta ƙi ko kallon su. Ta dunƙule a kusurwa wata da watanni, tana ramewa, ba ta yi ƙwai ba. Da safiyar ranar ya tarar da ita a miƙe, ta mutu. Ya ƙara da cewa haka manyan da aka ɗauko daga inda suka saba sukan yi wani lokaci, sa'a ce. Wato ya sani tun farko, ni ne ban tambaya ba.

Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na ce shi mugu ne, marar imani, wa ya ce ya zubar da ƙasar? Har maƙwabcina mai sayar da takalma ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Mutumin ya bari na gama, sannan ya ce cikin sanyin murya, “Malam, ai sayar mini ka yi.” Ya kashe wayarsa. Na zauna a kan buhun dusa na rasa wanda zan ƙara zagi, don gaskiya ya faɗa.

Na yi tunanin in sayi wata wajen maharba in kai mata. Amma ina zan sami mai gutsurarriyar wutsiya, wadda za ta kwanta lamo a hannun Goggo? Matar da ta san ranar da dabbar nan take saɓa, ba za a ruɗe ta da baƙuwa ba. Sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi, na daina zuwa. Damina ta sauka na ce hanya ta lalace. Aka yi maganar rashin tsaro a wajen na ce ba a bin hanyar yanzu, alhali masu kai mini kaya daga can kullum suna zuwa suna komawa. Taubashina na gaya masa gaskiya ta waya, ya ce, “Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ni ba ruwana.” Tun ranar bai ƙara kirana bawansa ba, kuma ban zaci zan yi kewar wannan ba.

Da kaka sai ga saƙo daga Goggo ta hannun wata mai kawo gyaɗa kasuwa: ƙullin sabuwar gyaɗa, da cewa ranar Asabar za a yi yaɓen rumbu, in zo. Babu sauran inda zan ɓuya. A hanya na shirya maganata tsaf, zan durƙusa in ce Goggo na yi miki ƙarya, sayar da ita na yi, kuma ta mutu. Na maimaita ta a kan babur har na haddace.

Na tarar an kwaɓa laka, taubashina yana kan tsani bai ko dube ni ba. Abin da na fara gani shi ne kaskon, an wanke shi, cike da ruwa, a inda yake kullum. Gefensa kuma ga kashin ɓera da ɓawon tsohuwar dawa da suka ci suka zubar. Goggo ta rame kaɗan. Ta dubi hannuna, ta dubi bayan babur, ba jaka.

“Ina take?”

Bakina ya buɗe, kuma ba maganar da na haddace ce ta fito ba. Na ji kaina ina cewa, “Tana hutawa, Goggo. Ta yi ƙwai a makare, jikinta bai yi ƙwari ba tukuna. An ce a bari ta murmure kafin a sa ta a mota.”

Fuskarta ta saki gaba ɗaya. “Ta yi? A baƙon wuri? Nawa?”

“Shida.”

“Duk sun fito?”

“Duka.”

Ta tafa hannu ta ɗaga ido sama ta yi godiya da yarensu. Ta ce ita dama abin da ke hana ta barci ke nan, kada baƙunta ta hana ta. Sannan ta tsaya, ta dube ni sosai, irin kallon da take yi mini ina yaro in na ce na wanke ƙafa.

“Ka gan su da idonka, ko gaya maka aka yi?”

Nan ne ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe mini. Da na ce gaya mini aka yi, da an bar shekarar babu yatsa, kamar shekarar asibiti. Amma ni ne mutumin da ba ya iya cewa bai sani ba.

“Na gan su, Goggo.”

Ta sunkuya ta ɗebo laka daga kwaɓin, ta mulmula ta a tafin hannu, ta miƙa ta liƙa a ƙarƙashin jinka kusa da na bakwai. Na ɗauka ita za ta danna. Sai ta juyo ta kama wuyan hannuna.

“Ni ban gani ba bana. Kai ka gani, kai za ka sa.”

Taubashina ya daina yaɓe a kan tsani. Ban ɗaga kai na dube shi ba. Lakar tana da sanyi, kuma Goggo ce ta danna yatsan nawa da nata hannun, da ƙarfi, don ya fito sosai. Da ta sake ni ta ja da baya tana kallo, ta ce, “Ka ga, girman na babanku ne daidai.”

Shekara biyu ke nan. Na gyara mata rufin ɗaki, na kai mata tarkon ɓera da kyanwa, na kai mata maganin gwiwa, ta karɓa duka ta sa mini albarka, kuma kowace albarka sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Ta daina tambayata yaushe za a kawo mesar. Da farko na ɗauka ta gane ne, har na ji wani sauƙi-sauƙi na rashin kunya, sai taubashina ya ce mini a'a, cewa ta yi ba ta son ta riƙa takura mini, tunda na ce zan kawo zan kawo.

Zuwana na ƙarshe na tarar da wata baƙuwa daga cocinsu a tsakar gida, Goggo tana nuna mata jikin rumbu da sandarta. Uku na maigida, huɗu nawa, in ji ta. Ta kai kan na takwas ta ce, “Wannan na ɗana ne, shi ya gani.” Sannan ta miƙo mini buta ta ce gwiwarta ta hana ta durƙuso yau, in taimaka in sauya ruwan kasko. Na karɓa, na durƙusa, na zubar da na jiya, na zuba sabo.